Lasisin Ɗanliti Mai Ɗinkin Hula

Sunansa na yanka Sama'ilu, amma a garinmu Kanya Biyu tsofaffi kaɗai suka san haka. Kowa Ɗanliti yake ce masa, saboda ranar Litinin aka haife shi. Siririn mutum ne mai sanyin murya. In ana gardama a dandali za ka ga yana gyaɗa wa wannan kai, in ɗayan ya karɓe shi ma ya gyaɗa masa, ba don yana da fuska biyu ba, shi dai duk wanda ya buɗe baki sai ya ji kamar da gaskiya a maganarsa. Gonarsa 'yar ƙarama ce kamar ta kowa, don a wajenmu gona jingine take da gona, gamba ce kawai ke raba su. Da damina ya yi gero da wake, da rani ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gidansa ya yi ta ɗinkin hula, in sun taru ya kai kasuwar Zakirai. Matarsa Sakinatu tana yin ƙuli-ƙuli. Rayuwarsa ke nan har ya haura arba'in, kuma da son ransa ne da haka za ta ƙare.

Sai aka shiga shekarun nan da ake cewa na Sap, lokacin da gwamnati ta tsuke bakin aljihu komai ya yi tsada. Wanda ya gani ba sai an ba shi labari ba. Takin zamani ya zama sai mai hanya, gidaje da yawa suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini, masu sayen sabuwar hula suka koma kai tsohuwa wanki. Asibiti kuwa gini ne kawai. Likita ya duba ka, ya rubuta maka takarda, ka fita waje ka nemo magani da auduga har da sirinjin da za a yi maka allurar. Ana cikin haka rediyo ya fara maganar wata sabuwar cuta, ƙanjamau, wai ba ta da magani, kuma wai har ta allurar da aka yi wa wani ana ɗaukarta.

Mu a lokacin mai yi mana allura Tasi'u wanzami ne. Ya taɓa yin leburanci a wani asibiti a birni, can ya ga yadda ake yi. A zabirarsa, kusa da aska da ƙaho, yana da sirinji guda na gilas, wanda yake tafasawa a gwangwani in da hali, in babu ya ɗauraye. Da shi ya yi wa rabin garin allura.

Ran nan saƙo ya taso daga ofishin lafiya na ƙaramar hukuma, ya bi ta gidan hakimi, ya bi ta gidan dagaci, ya iso wa mai unguwarmu Inuwa da baki. Wai gwamnati ta kawo sirinjin roba, wanda ake amfani da shi sau ɗaya a yar, kuma ba kowa za a bari ya riƙa raba shi ba sai wanda aka tantance. Kowane gari ya turo mutum guda mai amana, mai ɗan karatun boko, wanda ya san allura.

Mai Unguwa ya aika a kira Tasi'u. Tasi'u da ya ji bayani ya ce wannan tarko ne, so ake a san masu yin allura a kame su. Ya rataya zabirarsa ya tafi ƙauyen surukansa ya yi zamansa.

Sai Mai Unguwa ya tako da kansa har gindin darbejiya.

"Ɗanliti, ka yi ajin yaƙi da jahilci, ko ba haka ba?"

"Na ɗan taɓa, ranka ya daɗe."

"Amana kuwa kowa ya shaida. Allura ga ta nan a hannunka. Gobe ka shirya ka tafi sakatariya."

Ɗanliti ya dubi allurar ɗinkin da ke tsakanin yatsunsa, ya dubi Mai Unguwa. "Anya irin wannan suke nufi?"

"Sun faɗi iri? Ba su faɗa ba. In ba mu tura kowa ba, mutanen Gidan Maza za a ba rabonmu, ka ga mun koma roƙonsu ke nan."

Haka Ɗanliti ya hau kekensa ya tafi, yana sa ran da ya isa za a gane an yi kuskure a sallame shi. Ba wanda ya tambaye shi sana'arsa. Aka zaunar da su a wani ajin firamare, su da yawa daga garuruwa daban-daban, wani babban malamin lafiya mai suna Malam Kassimu ya tsaya gaban allo. Gajere ne mai ƙiba, mai yawan share gumi.

Ya ce, "Aikinku rabawa ne. Ku ba likitoci ba ne. Wanda ya zo da katin asibiti mai nuna an rubuta masa allura, ku ba shi sirinji sabo a cikin ledarsa. In an gama ya dawo muku da shi ku ƙone. Wanda aka kama ya tsira wa wani allura da hannunsa, ba ruwanmu, shi da 'yan sanda."

Ɗanliti bai saba tambaya a cikin taro ba, amma ya ɗaga hannu.

"Malam, in na ba mutum, wa zai yi masa?"

"Ma'aikacin lafiya."

"To ai garinmu babu."

"Za a turo."

"Kafin a turo fa?"

Malam Kassimu ya share gumi ya ce a tashi a yi sallah.

Da aka kammala aka ɗauke su hoto, aka ba kowa ɗan kati mai hoto da hatimi, aka ce shi ne lasisi, kada ya ɓata kada ya jiƙe. Aka ɗaure wa Ɗanliti kwalin sirinji a bayan keke. Da ya iso gida Sakinatu ta juya katin gaba da baya.

"Malam, yanzu kai likita ne?"

"Sun ce mu ba likitoci ba ne."

"Ma'aikacin gwamnati?"

"Ba su ce da albashi ba."

"To mene ne kai?"

Ya ce, "Wanda aka amince wa."

Ta ɗauki katin ta sa a cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwanta.

Tasi'u da ya ji ba a kama kowa ba ya dawo. Ba tare da an zauna an tsara ba, abu ya daidaita da kansa. Mai ciwo ya zo wajen Ɗanliti ya nuna kati ya karɓi sirinji, ya tsallaka gidan Tasi'u a yi masa, ya dawo da wanda aka yi amfani da shi. Sirinjin gilas ya koma ƙasan zabira. Ƙurajen da ke fito wa mutane a gurbin allura suka ragu, kowa ya lura da haka. Mutane suka fara ce wa Ɗanliti Likita, yana cewa su bari, suna ƙarawa.

Abin da ya fara ɗaure masa kai masu zuwa dubawa ne. Na farko duba-gari ne a kan babur. Ya tarar da Ɗanliti a bayan gida yana ƙona tsofaffin sirinji a cikin kasko, ya toshe hanci ya ce wa ya ce a ƙona roba a tsakiyar gari, so yake ya kashe mutane da hayaƙi? Rami za a tona a binne. Ɗanliti ya ce to, ya koma binnewa a gindin katanga. Bayan girbi wani ya zo, wannan daga ofishin lafiya, ya ce a fito masa da waɗanda aka yi amfani da su ya gani da idonsa, in ba haka ba ta yaya zai san ba wanke su ake yi a sake sayarwa ba? Ɗanliti ya ɗauko fartanya ya tono masa. Mutumin ya ja da baya ya ce wane mahaukaci ne yake binne allura inda kaji ke tono? A tara su a rufe har a zo a karɓa. Ba a zo ba. Wanda ya biyo bayansa ya ga tulun da aka tara su ya ce ba a gaya masa a ƙone ba tun ranar farko?

Kowannensu Ɗanliti ya ga da gaskiyarsa. Daga ƙarshe sai ya riƙa kasa su kashi uku, ya ƙone kashi, ya binne kashi, ya zuba kashi a tulu, don duk wanda ya zo ya sami abin da zai nuna masa. Sakinatu ta ce ita dai a ɗauke mata tulun nan daga kusa da madafi.

A cikin shekara ta uku ne Kulu ta kwanta. Yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye shi, kuma tun da mijinta ya rasu take zaune a ɗakin da ke kusa da zauren gidansa. Mace ce mai faɗa da dariya, wadda in tana magana a tsakar gida ana ji daga rijiya. Tari ya kama ta tun farkon damina, aka yi jiƙe-jiƙe bai tafi ba, ta rame har awarwaronta ya riƙa zamewa zuwa gwiwar hannu. Da ta fara tofar da jini Ɗanliti ya sayar da tunkiyarsa ya kai ta birni. Aka ce tarin fuka ne. Aka ba su ƙwayoyi da wasu ƙananan kwalabe masu farin gari a ciki, aka ce allura ce kullum har kusan wata biyu, a je asibiti mafi kusa a riƙa yi mata. Likitan ya ɗaga yatsa ya ce kada a kuskura a tsallake, in aka yi wasa ciwon zai dawo ya fi ƙarfin magani.

Suka dawo gida, Tasi'u ya fara yi mata kullum da hantsi. Ta fara cin abinci. Ba a kai rabi ba, ran kasuwar Zakirai, 'yan sanda suka yi kamen masu yin allura ba izini, suka haɗa da Tasi'u yana tsakiyar yi wa wani aski. Aka ce mutumin haka ya koma gida da rabin kai.

Washegari Ɗanliti ya ɗora Kulu a keke ya tura ta har ɗakin shan magani mafi kusa da mu, wanda ke da nisan gaske ga mai ciwo. Suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Mai gadi ya ce ma'aikata suna yajin aiki, ba a biya su ba. Suka juyo, Kulu tana tari a bayansa tana cewa da ya bar ta a ɗakinta.

Ya wuce sakatariya. Akawun da ke ƙofar ofishin lafiya ya dubi katinsa ya ce, "Kanya Biyu? Ai ku ba namu ba ne yanzu. Ba ka ji an ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi ba? Kun faɗa waccan."

Ya ji a rediyo, amma bai ɗauka abin ya shafi sirinji ba. Kashegari ya nufi sabuwar hedikwata. Wani gidan haya ne, ko kujeru ba a kawo ba, ma'aikata suna zaune a kan benci a inuwar mangwaro. Ya gaishe su ya miƙa kati. Suka zagaya da shi hannu zuwa hannu.

Ɗaya ya ce, "Wannan hatimin ba namu ba ne."

"Na'am, na can ne. Su suka ce in zo nan."

"Mu ba mu san da wannan shiri ba. Me kake so?"

"Yayata ce ba lafiya. Ina da magani, ina da sirinji, ba mai yi mata. Ko a turo wani, ko a ba ni izini in yi."

"Ka iya?"

"A'a."

"To izinin me za a ba ka?"

Ɗanliti ya ga wannan ma gaskiya ne. Suka ce ya dawo in an naɗa shugaban sashen lafiya. Ya tambayi yaushe, suka ce shi ma abin da suke jira ke nan.

A kan hanyar komawa ya tsaya a gindin wata kuka ya sauka daga keke, don ya rasa inda za shi. Kwana na tafiya, Kulu ba allura. Can ya juya kan keken ya koma tsohuwar sakatariya, bai shiga ofis ba, ya jira a ƙofar masallaci har Malam Kassimu ya fito daga sallar la'asar. Ya durƙusa ya zayyana masa komai.

Malam Kassimu ya daɗe yana share gumi. Sannan ya ja shi wajen wata mai tallan lemon zaƙi, ya sayi guda, suka zaga bayan masallaci. Ya ce, "Kana da sirinji a jikinka?" Ɗanliti ya ciro ɗaya daga aljihu. Malam Kassimu ya nuna masa yadda ake dama garin da ruwan allura, da yadda ake fitar da iska, ya tsaga layi biyu a jikin lemon da farce ya nuna masa gurbin da ake tsirawa da gurbin da ba a kusanta. Ya sa shi ya yi ta tsira wa lemon har ya yi laushi.

"Ka gane?"

"Ina jin na gane. Ke nan an ba ni izini, Malam?"

"Wa ya ba ka? Ni lemo na saya. Ka ga na koya maka wani abu?"

Malam Kassimu ya jefar da lemon.

"Je ka, yamma na yi. In an kama ka ban san ka ba. Allah ya ba ta lafiya."

Da safe ya shiga ɗakin Kulu da kayan a faranti. Mutum ne da ko kaza Mai Unguwa yake kai wa ya yanka masa. Ga kuma kunya, don yayarsa ce. Sakinatu ce ta raba gardama. Ta ɗauko wani tsohon zane ta yanke 'yar kafa a tsakiya kamar bakin ludayi, ta lulluɓe Kulu da shi, ba abin da ake gani sai gurbin allurar.

Kulu ta ce daga ƙarƙashin zane, "Kai Auta, in za ka yi ka yi. Ni na yi maka kaciyar kunne da kake jin tsoro na?" Babu wata kaciyar kunne, faɗanta ne kawai in ta ƙosa.

Ya yi bisimilla ya tsira. Ta ce wash, ta zage shi, shi kuma ya fita tsakar gida ya zauna a kan turmi. Kashegari ya sake. A hankali hannun ya saba.

Ana saura kaɗan a gama, wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidansa. Tawaga ce daga birni masu bin garuruwa suna duba masu raba sirinji. Shugabarsu wata dattijuwa ce mai tabarau, Hajiya Fanta, ba ta da hayaniya. Ta ga kasko da rami da tulu, ta dube shi ta saman tabarau. Sai ta ji tari daga ɗakin kusa da zaure, ta ɗaga labule ta shiga. Ta duba katin asibitin Kulu ta ce, "Baba, wa yake yi miki allurar?"

Kulu ta ce, "Ƙanena mana. Hannunsa ya fi na wanzami sauƙi."

Hajiya Fanta ta fito ta ce a kawo lasisi. Sakinatu ta ciro shi daga kwalla. Ta duba ta ce da farko dai wannan hatimin ba ya aiki a wannan ƙaramar hukuma, na biyu kuma ko da yana aiki ya karya sharaɗi. Ta sa katin a jakarta. Ta ce ba za ta kai shi ga 'yan sanda ba, amma daga yau ba shi da izinin raba sirinji.

Ɗanliti ya ce, "To ranki ya daɗe, ga kwalin nan, sai ku tafi da shi."

"Ba namu ba ne. Na waccan ƙaramar hukumar ne, ba ni da hurumin ɗauka."

"In mayar musu?"

"Ka fitar da kayan lafiya daga wannan hukuma zuwa waccan ba takarda? A tare ka a hanya ka ce me?"

"In ƙone?"

"Kayan gwamnati?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Allurar Yaya fa? A dakata?"

"Kada a tsallake ko sau ɗaya."

"Wa zai yi?"

"Ma'aikacin lafiya," in ji ta, tana kallon wani waje. Har ta kai bakin mota ta dawo, ta kira Sakinatu suka shiga ɗakin Kulu. Da suka tafi Sakinatu ta ce Hajiya ta ce a gaya masa ya ɗan ƙara yin sama kaɗan, kuma ya riƙa sauya ɓangare, yau dama gobe hagu.

Ya ƙarasa allurar yadda aka ce.

Bayan 'yan makonni motar tsohon ofis ta zo ta sauke masa sabon kwali. Ya bi direban da gudu yana cewa an karɓe lasisinsa. Direban ya ce shi dai an ce ya sauke a Kanya Biyu, ya sauke. Da aka yi sallar layya kuma aka aiko ana nemansa a tsohuwar sakatariya. Ya yi sallama da iyalinsa kamar mai tafiya kurkuku, ya ce wa Sakinatu in bai dawo ba ta nemi Mai Unguwa. Da ya isa ya tarar an kafa rumfa an jera kujeru. Aka kira sunansa a lasifika, wai shi ne mai raba sirinjin da ba a taɓa kawo ƙararsa ba, aka miƙa masa takardar yabo da agogon bango. Ya matsa kusa da Malam Kassimu ya raɗa masa cewa shi fa an kore shi.

Malam Kassimu ya ce, "Karɓi ka yi godiya, ana ɗaukar hoto."

Tasi'u ya fito bayan ya sha zaman kaso, ya rantse da Alƙur'ani ba shi ba allura har abada. Mutane suka dawo kan Ɗanliti. Ya ce shi ba zai yi wa kowa ba, kuma bai ƙara yi ba. Rabawar ma an hana shi, hanawar kuma ba ta hana kwali zuwa ba. Abin da ya ga zai iya shi ne ya ajiye kwalin a buɗe a cikin zaure, shi kuma ya zauna a waje ya juya wa ƙofar baya yana ɗinkinsa. Mai bukata ya yi sallama, ya ɗaga katin asibiti sama ko da ba a kalle shi ba, ya shiga ya ɗauki guda ya fita ya nemi mai yi masa. Ba wanda ya sake zuwa dubawa. Wata shekara kwalin ya daina zuwa, ba a aiko da dalili ba, shi ma bai je tambaya ba.

Kulu ta warke sarai. Tari ya tafi, ta yi ƙiba, ta koma faɗanta. Sai dai tun kafin a gama allurar take cewa tana jin ƙara a kunnenta kamar injin niƙa, in ta miƙe kuma ƙasa na juya mata. An ɗauka rashin ƙarfi ne. Jirin ya ragu daga baya, amma ji ya yi ta raguwa, har ya zama sai an matsa kusa an ɗaga murya. Ita ba ta damu ba, ta ce dama ba abin kirki ake faɗa a gidan ba. Ɗanliti ne abin ya tsaya wa a rai. Hannunsa ne? Kwanakin da aka tsallake yana yawon ofis-ofis ne? Ko ƙarin saman da Hajiya ta ce a yi? Ya tambayi Tasi'u, ya ce tabbas jijiyar kunne ya taɓa, ai daga ɗuwawu ta taso. Ya tambayi Malam Kassimu, ya ce ƙaddara ce. Mai Unguwa ya ce ai kakar su Kulu ma da kurumta ta tsufa. Duk ya gyaɗa musu kai, ya koma gida da abinsa a ciki.

An daɗe, har furfura ta cika masa gemu, idonsa ya fara gaza zura zare, ya je wani asibiti a birni a duba shi. Ma'aikaciyar jinyar da ta ɗiga masa magani, wata mai fara'a da ake kira Asama'u, ta tsaya jira maganin ya ratsa, shi kuma ya ga dama ta samu. Ya ba ta labarin ƙananan kwalabe masu farin gari da kunnen yayarsa.

Ta ce, "Ayya Baba, ai wannan maganin an san shi da haka. Yana taɓa kunnen wasu, ko babban likita ne ya yi allurar. Shi ya sa yanzu ba a cika ba da shi ba."

"Ba hannun mai yi ba ne?"

"Ba hannu ba ne."

Ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Har ya fara hamdala, sai ya tsaya. "To da ta fara jin ƙarar nan, da na daina, da kunnen ya tsira?"

"Wataƙila. Da an koma an gaya wa likita, da ya sauya mata wani."

"Ai cewa aka yi kada a tsallake."

"E, haka ne, ba a tsallakewa."

Ya jira ta ƙara wani abu, amma an kira ta a wani ɗakin.

Da ya sauka daga mota ya iso gida da yamma, ya tarar da Kulu a tsakar gida ta baje ƙafa tana ɓarar gyaɗa. Ta tsufa ƙwarai, amma bakin yana nan. Ya tsuguna kusa da kunnenta na dama, wanda ya fi ɗan ji, ya ɗaga murya.

"Yaya! Na tambayo a asibiti! Sun ce maganin ne, ba hannuna ba!"

"Hannunka?" Ta ajiye gyaɗar. "Me ya sami hannun?"

"Ba abin da ya same shi! Kunnenki nake cewa!"

Ta riga ta kama hannun tana juya shi, tana latsa yatsun ɗaya bayan ɗaya. "Sanyi ne. Na gaya maka ka bar alwala da ruwan randa da asuba, ba ka ji. Sakinatu! Miƙo min man kaɗanyar nan."

Ya so ya sake gwadawa, sai ya fasa. Ya gyara zama a kan tabarmar ya bar mata hannun tana shafa masa mai tana yi masa faɗa.